Sista Miƙo-Hannu da Matan Kan Benci

Tun kafin a kunna injin farko a sashen wankin ƙoda ta riga ta iso. Takan rataye jakarta a bayan ƙofa, ta canja takalmi, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta bi gadajen ɗaya bayan ɗaya tana duba robobin da jini zai bi ya shiga inji ya dawo. Ta ɗora marasa lafiya a kan sikeli, ta soka allurai, ta harari wanda ya sha ruwa fiye da yadda aka ce masa har sai ya sunkuyar da kai. Wannan shi ne aikin da aka ɗauke ta ta yi, ta kuma yi shi tun gashinta na baƙi har furfura ta cinye kan. Babu wanda ya taɓa kama ta da sakaci a cikinsa. Amma ba saboda shi ake wannan rubutu ba.

A bakin ƙofar sashen akwai wani dogon benci na katako, fentinsa ya goge a daidai inda ake zama. Nan 'yan rakiya ke jira. Duk wanda ya taɓa wucewa ta wurin ya san yadda abin yake: a ciki, kan gadaje, maza ne suka fi yawa, a waje, kan benci, kusan duk mata ne. Matar wani, uwar wani, ƙanwar wani, kowacce da kwando da filas da bargo a cinya, suna gyangyaɗi har a gama wanke jinin. Likitoci su wuce su, ɗalibai su wuce su, manyan asibiti in sun zo zagaye sai dai su ce a janye ƙafafu daga hanya. Ita kaɗai ce, da zarar injina sun kama aiki ta ɗan samu sarari, takan fito da na'urar awon jini a hammata, ta tsaya gaban ta bakin layi ta ce, "Miƙo hannu."

Babu doguwar gaisuwa, babu lallashi. Daga nan sunan ya fito, ya kuma manne mata har mutane da yawa suka yi shekaru suna zuwa ba su san sunanta na ainihi ba. Sista Miƙo-Hannu.

"Sista, ni lafiyata ƙalau, rakiya na zo."

"Shi ma na cikin da lafiyarsa ƙalau ya fara. Naɗe hannun rigar."

In awo ya fito da kyau sai ta ce, "Allah ya ƙara," ta matsa ga ta gaba. In ya yi sama, sai ta zaro biro daga aljihu ta rubuta lambar a wuyan hannun matar, manya-manya. "Kin ga wannan? Ki haura bene, ɗakin masu hawan jini, ki nuna musu. Yau, kafin ki koma gida ki tsoma hannu a ruwan wanke-wanke." Ta san matan da take magana da su. Takarda za a cusa a kwando a manta da ita, amma abin da ke jikin fata ko dai a kai shi yau ko ruwa ya tafi da shi. Mai sharar sashen, wadda ta daɗe tana goge wannan baranda, ta ce ba ta san adadin matan da ta gani suna hawa benen nan riƙe da hannu a sama ba, suna kaffa-kaffa kar gumi ya goge rubutun.

Kada wani ya ɗauka an yaba mata. An kira ta ofis aka ce na'urar asibiti ta masu kati ce, waɗannan matan kuma ba su da kati. Ta ce ta ji. Washegari sai ga ta da tata ta gida, tsohuwa, mai ƙwallon roba da ake matsawa da hannu, an ɗaure bututunta da filasta. Aka sake kiran ta aka ce lokacin aiki fa? Ta ce lokacin shan shayinta ne, ta yafe shayin. Daga nan suka ƙyale ta, ba don sun gamsu ba, sai don sun gaji da ita.

Kowace safiya kuma tana da ɗan jawabin da take yi wa marasa lafiya kafin barci ya kwashe su. Maza take farawa da su, kuma ba ta raga musu. "Ku ji ni da kyau. Masu bincike sun ce in hawan jini ya kama namiji da mace, ƙodar namiji ta fi saurin durƙushewa. Dalilin kuwa har yanzu ana jayayya a kai. Wasu su ce halitta ce, wasu su ce halinku ne, ba kwa zuwa asibiti sai an ciccibo ku. Ni dai na ga halin da idona. An ba ku ƙwaya, kun cusa ƙarƙashin katifa don wani abokinku a majalisa ya ce tana rage kuzari. To ga kuzarin nan, kun zo kun shimfiɗa mini shi a kan gado." Sai ɗakin ya ɗauki dariya, har wanda aka tsokala ya taya.

Sannan ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya don 'yan benci su ji. "Ku kuma, kar ku ji an ce ya fi cin maza ku ɗauka an sallame ku. Naku a hankali yake ci, shiru-shiru. Wadda ta taɓa hawan jini da ciki, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, ƙodarta ta riga ta sha duka ɗaya, ko da an ce mata ya tafi da haihuwar. Ita ce ya kamata ta fi kowa sa ido." Rabin farko na wannan jawabi ya zaga gidaje, ana maimaita shi a shaguna da tashar mota. Rabi na biyu kuwa a bakin ƙofar yake mutuwa, kuma wannan ne ya kusa cin ran wata baiwar Allah.

Maman 'yan biyu ake ce mata. Mijinta kafinta ne, mutum mai sanyin hali wanda ko da ciwo ya raba shi da shago, in ya zauna a gado sai ka ga yana shafa gefen durowa da babban yatsa yana duba ko an goge ta da kyau. Ita ke kawo shi, ita ke riƙe kwandon, ita ke komawa ta buɗe ɗan kantinta na ƙofar gida, ta kuma ji da 'yan biyun, 'yan mata da suka fara tasawa. A gida suna da na'urar awon jini ta zamani mai batir, yaran na kiran ta injin Baba. Safe da yamma Maman 'yan biyu ke ɗaura masa, har ta ƙware ta san inda ake sa bututu ya dace da jijiya.

"Ke fa, naki nawa yake kaiwa?" in ji Sista, ranar da ta fara tsayawa a gabanta.

Matar ta yi dariya kamar an ce ta sa hularsa. "Nawa kuma? Ai na Baban 'yan biyu ne, Sista."

Shekara da shekaru na'ura na gidanka, hannunka ke ɗaura ta, amma ba ta taɓa hawa damtsenka ba. Wannan ba jahilci ba ne, don matar ta fi wasu ɗaliban iya awo. Tarbiyya ce da muka yi wa mata, cewa lafiyar da ake aunawa a gida ta maigida ce.

Awon ya yi sama, sama sosai. Sista ta sake, ta canja hannu, ya ƙi sauka. Ta tambaye ta cikin 'yan biyun yaya ya kasance. Matar ta ce ai ta sha wuya, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ta yi jijjiga sai farkawa ta yi ta ga jarirai a gefenta. Amma an ce mata da zarar ta haihu shi ke nan, kuma tun ranar babu wanda ya sake ɗaura mata abin awo. Sista ta rubuta lambar a wuyan hannunta. Zuwa na gaba hannun ya dawo tas, yana ƙamshin sabulu. Ta sake rubutawa, ya sake dawowa tas.

"Ƙanwata, me ya hana ki hawa benen nan?"

"Sista, in na hau suka ce in kwanta, wa zai kawo shi? Bari dai ya samu sauƙi tukuna."

Ana nan sai likitoci suka ce jikin Kafinta zai iya ɗaukar dashe, in an samu wanda zai ba shi ƙoda. Kafinta na da 'yan'uwa maza uku, uwa ɗaya uba ɗaya, kowanne da tumbinsa da ƙodojinsa biyu. Aka yi taron dangi. Da aka tashi, sunan da ya fito shi ne na Maman 'yan biyu. Labarin ya iso wa Sista a kan benci, ba ta kuma tada hankalinta ba, don ta san awon farko da likita zai yi shi zai koro matar. Babu likitan kirki da zai cire ƙoda daga jikin mai irin wannan hawan jinin.

Ranar gwaji sai ga Maman 'yan biyu ta sauko daga bene tana murmushi har kunne. "Sista, sun ce jinina kamar na budurwa! Saura gwaje-gwajen da suka rage." Ta zauna ta ɗan huta. Da ta miƙe za ta leƙa mijinta, sai ta yi taga-taga ta dafa bango, idanunta suka juya. Mai tura keken marasa lafiya ne ya taro ta. Shi ya ba da labarin yadda Sista ta fito, ta kalle ta, ta ja ta zuwa ɗan ɗakin da ake ajiye zannuwan gado ta turo ƙofa.

A ciki ta zaunar da ita a kan kwali, ta ɗaura mata tsohuwar na'urar. Awon ya yi ƙasa, ƙasa da abin da wannan jikin ya taɓa nunawa a duk watannin nan.

"Me kika sha?"

"Babu komai, Sista."

"Ƙanwata, watanni nawa ina riƙe da wannan hannun? Me kika sha?"

Sai hawaye. Ta ce Yaya Babba, wato yayan mijinta, shi ya kira ta gefe bayan taron. Ita da kanta ta gaya masa Sista ta ce jininta na hawa, tana tsoron za a ƙi ta. Ya ce wannan ai ba matsala ba ce, ta riƙa shan ƙwayoyin mijinta kwana biyu kafin gwaji, bibbiyu, lamba za ta sauka, da zarar an wuce wannan matakin shi ke nan. Ta kama hannun Sista da hannayenta biyu. "Ki rufa mini asiri. Mijina ne. Kina ganin yadda yake ramewa. Ni na yarda, babu wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Don Allah, Sista, ki yi kamar ba ki gani ba."

Abin da ya fi sauƙi a duniya shi ne ta yi kamar ba ta gani ba. Ba ita ce likitan dashe ba, matar ba ta da kati a sashenta, awon da ta yi ma ba a yarda da shi a ofis ba. Wataƙila wani gwajin ya kama abin a gaba, wataƙila kuma ya wuce. Kuma tana son Kafinta, ita ke soka masa allura, ta san yadda jijiyoyinsa ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta kwance na'urar daga damtsen matar.

"Ki ji ni. Mai lafiya zai iya rayuwa da ƙoda ɗaya. Ke ba ki da lafiya. In suka cire guda, wadda ta rage ita kaɗai za ta ɗauki wannan hawan jinin, kuma ina tsoron tun cikin 'yan biyu take ɗingishi. Ba na son in wayi gari in gan ki a gadon da ke kusa da nasa, 'ya'yanki kuma su gaji bencin. Ki hau ki faɗa wa likita da bakinki, in raka ki. In kin ƙi, zan hau ni kaɗai."

"In kika hau, kin kashe shi."

"Zan hau."

Ta kuma hau. Likitan ya saurare ta, ya dakatar da komai, ya sa aka jira maganin ya fita daga jikin matar aka sake awo, aka yi gwajin fitsari da na jini. Sakamakon ya nuna abin da ake tsoro: ƙodojin sun riga sun fara yoyo. Likitan ya ce ba zancen bayarwa ake ba yanzu, zancen ceto biyun da take da su ake.

Washegari 'yan'uwan Kafinta suka cika barandar. Yaya Babba ne a gaba, yana magana yana nuna ta da makullin mota. Matan benci duk sun ji, mai shara ta jingina tsintsiya ta tsaya.

"Ke wace ce da za ki shiga maganar gidanmu? Kuma ba ke ba ce kike faɗa kullum da bakinki cewa hawan jini ya fi cin ƙodar maza? Ni nan na ji ki! Mu maza ne, tamu ta fi saurin lalacewa. Ita mace ce, tata ta fi ƙwari. To wa ya dace ya bayar?"

Ku duba wannan aiki. Maganar da ta yi shekaru tana faɗa don maza su sha magani su rayu, ita aka ɗauko aka wasa, aka juyo da ita kan mace mara lafiya. An ce ya fi cin maza, sai mai hankali ya ji cewa maza su kula. Shi kuwa Yaya Babba abin da ya ji shi ne mace ma'ajiyar kayan gyara ce. Waɗanda suka ga fuskar Sista a lokacin sun ce ba su taɓa ganin ta haka ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwance na'urar daga hammata ta warware ƙyallen.

"Alhaji, kana da hawan jini?"

"Ni? Ban taɓa ba."

"Ka taɓa aunawa?"

Ya kau da kai.

"To ita tana da shi, an auna an gani. Kai ba a sani ba. In ba ka da shi, maganar da ka ji a bakina ba ta shafe ka ba, kuma ɗan'uwa na jini ya fi kusa da dacewa. Miƙo hannu."

Yaya Babba ya cusa hannayensa biyu a aljihu. "Ni mai iyali ne."

"Ita fa? 'Yan biyun nan a bakin titi ta tsinto su?"

Ta juya ga na biyu, ya ce yana da tafiya a gabansa. Na ukun ya ce sai ya yi shawara da matarsa. Wata tsohuwa a kan benci, mai rakiyar ɗanta, ta ce, "Ashe dai ana shawara da mata." Sai 'yan'uwan suka fice suna cewa za su kai ƙara.

Kafinta bai san komai ba sai ranar. Yana kwance injin na jan jininsa matarsa ta shigo ta tsaya a gefen gado, idanu sun kumbura. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce a miƙo masa kwandon, ya laluba da hannunsa ɗaya da ba a soka wa allura ba, ya zaro injin Baba. Ya ce ta zauna. Ya yi ta kokawa da ƙyallen yana juya shi, don shekarun nan duk bai taɓa ɗaura wa kowa ba, bai ma san ta ina ake fara naɗawa ba. Sista ce ta zo ta gyara masa. Da lambar ta fito ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, "Maman 'yan biyu, ko sun yarda ni ban yarda ba. Ki hau benen nan yau."

A nan ne mai son daɗin labari zai so a ce wani daga cikin 'yan'uwan ya dawo ya miƙa hannu. Babu wanda ya dawo. Kafinta ya ci gaba da wankin ƙoda har jikin ya gaza, Allah ya karɓi abinsa. Dangi suka ce wata nas ce ta hana a cece shi, suka kuma kai ƙarar da suka ce za su kai. Hukumar asibitin ba ta ce ta yi laifi ba, ba ta kuma ce ba ta yi ba. Don a samu zaman lafiya, in ji su, sai aka ɗauke ta daga sashen da ta gina da hannunta aka mayar da ita ɗakin dafa kayan aiki a ƙasan bene, inda babu taga babu mara lafiya, sai almakashi da tururi. Likitan da ya gode mata a ofishinsa, ƙofa a rufe, bai buɗe baki a taron ba. Wannan abin kunya ne, kuma ya kamata waɗanda suka sa hannu a kai su karanta shi a nan su ji kunyar.

Abin da ya fi mata ciwo ba canjin wurin ba ne. Maman 'yan biyu ta ci gaba da zuwa ɗakin masu hawan jini a bene, don wasiyyar mijinta ce, amma in ta hango Sista sai ta canja hanya. Shekaru aka yi a haka. Ita kuwa Sista kullum lokacin shayi sai ta hauro daga ƙasan bene, fuska jiƙe da tururi, ta nufi bencin da na'urarta a hammata. Babu takardar da ta hana ta zama a baranda.

Sista, ke ce uwar masu jira. Ke ce kika kalli wurin da kowa ke gani a matsayin hanya, kika ga marasa lafiya a zaune. Ke ce kika yarda mace ta tsane ki tana raye, a kan ta yi miki addu'a daga kan gado. Mun san akwai ranakun da kika tambayi kanki ko da kin yi shiru da Kafinta na nan yana shafa katako. Ba mu da amsar da za ta hana ki wannan tambayar. Abin da muka sani shi ne ba ke kika hana shi ƙoda ba. Ƙodoji shida suka fita daga barandar nan da ƙafafunsu, hannaye a aljihu.

Makon jiya Sista ta yi ritaya. Babu wani babba da ya sauko. Ma'ajin kaya ya zo ya karɓi makullai, ya duba ko almakasan sun cika. Mai shara da mai tura keke da wasu 'yan nas-nas suka haɗu a baranda da lemo da biskit, aka zauna a kan bencin, matan rakiya suka matsa aka samu wuri. Ana cikin haka sai dariya ta tsaya, don Maman 'yan biyu ce ta shigo. Ta ɗan rame, furfura ta fito mata, amma da ƙafafunta take tafiya. A bayanta akwai ɗaya daga cikin 'yan biyun, ta yi aure, ga ciki ya fito, tana jan silifas da ƙyar.

Ta tsaya gaban Sista. "Ba gaisuwa na zo ba."

"Na sani, ƙanwata."

"Akwai safiyar da nake tashi ina jin haushinki har yanzu. Ba zan ɓoye miki ba."

"Na sani."

"Likita ya ce ƙodojina sun tsaya inda suke, ba su ƙara lalacewa ba." Sai ta jawo 'yarta gaba. "Cikin fari ne. Ƙafafunta sun fara nauyi. Surukarta ta ce haka kowace mace ke yi, da ta haihu zai tafi. Na auna ta a gida da injin Babansu, ban ji daɗin abin da na gani ba. Na ce kafin mu haura bene sai hannunki ya taɓa ta."

Yarinyar ta tsaya tana kunya, tana kallon mutane. Sista ta fara kwance tsohuwar na'urar. Ta buɗe baki za ta faɗi kalmarta, muryar ta ƙi fita. Uwar ce ta juya ta kalli 'yarta ta ce, "Miƙo hannu."

Mun gode, Sista. Mun gode a madadin matan da suka hau benen nan da biro a wuyan hannu, da mazan da suka zaro ƙwaya daga ƙarƙashin katifa don kunyarki, da jaririn da ke tafe wanda zai tarar da uwa da kaka. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da abin da asibitin ya kasa. Sauran mu kuma, ba a ce sai mun zama nas ba. Namiji ya sha maganinsa, don gaskiya ne abin ya fi saurin kayar da shi. Amma in akwai injin Baba a kan durowa a gidanku, ku tuna akwai wadda ke ɗaura masa shi safe da yamma. Yau in ta gama, kar a mayar da shi cikin jaka. A ce ta zauna.